Yadda Ake Tsayar da Zubar Jini Bayan Haihuwa Idan Asibiti Ya Yi Nisa

Mace mai cikin wata tara, jinin da ke ratsa mahaifarta a kowane minti ya kai rabin lita, wani lokaci ma ya fi. Da zarar mabiyiya ta ɓanɓaru daga bangon mahaifa, jijiyoyin da suke ciyar da ita sai su zauna baki buɗe. Naman mahaifar ne ke tsukewa ya shaƙe su. Idan ya tsuke, jini ya tsaya. Idan ya saki, lafiyayyar mace tana iya ƙarewa cikin awa biyu, wadda dama jininta ya yi ƙasa kuwa ba ta kai haka.

Wannan bayani na ungozoma ce wadda ta samu horo, daya kamar yadda ake kiranta a nan Sudan, da kuma ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ƙaramin asibiti a ƙauyukan Gadarif, Sinnar, Maiwurno, Sinja, Damazin da kewayen Madani, inda Hausawa suke da yawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 asibitoci da dama suka rufe, likitoci suka watse, haihuwar da a da ake turawa gari ta dawo hannunki. Wasu daga cikin matakan, kamar murza ciki da danne jijiya, kowace mace mai hankali a ɗakin za ta iya yi idan kin nuna mata. Allura da sa hannu cikin mahaifa kuwa aikin wadda aka koya wa ne kaɗai.

Aikin da ake gamawa tun kafin naƙuda

Ki fara da idon mai ciki. Ja fatar idonta ta ƙasa, dubi harshenta da tafin hannunta. Idan sun yi fari, jininta ya yi ƙasa, kuma zubar da wata za ta jure ita zai kayar da ita. Zazzaɓin cizon sauro, haihuwa a kai a kai da ƙarancin abinci su ne ke cinye jinin matanmu. Ƙwayar ƙarin jini kullum, gidan sauro, da maganin zazzaɓi da wuri. Idan akwai awon yawan jini kuma ya nuna ƙasa da 7, wannan ba haihuwar gida ba ce.

Akwai waɗanda za ki tura kusa da babban asibiti tun wata tara bai cika ba: wadda ta taɓa zubar da jini a haihuwar baya, wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, mai haihuwa biyar zuwa sama, wadda ta ga jini tana da ciki, da mai hawan jini. Sai dai kada wannan ya sa ki saki jiki da sauran. Da yawa daga cikin matan da jini ke ɓalle wa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu.

Sai maganar maigida. A lokacin yankan riɗi da dawa maza suna kwana a gonakin Gadarif, wayar ma ba lalle ta shiga ba. Ki same shi tun yana gari, gaban mahaifiyarsa, ki ce: "Malam, idan Allah ya kawo haihuwa ba ka nan, kuma na ga dole a tafi asibiti, ka yarda mu tafi ba tare da an jira ka ba?" A kuma tsayar da abu uku a wannan zaman: mai boksi (motar a-kori-kura) ko mai raksha (keke mai ƙafa uku) da za a buga wa ƙofa ko da tsakar dare, kuɗin mai a hannu (tura kuɗi ta waya ba ya yiwuwa ran da layi ya ɗauke), da maza biyu ko uku daga dangi da za su bi ta don ba da jini. Da damina baƙar ƙasar nan takan riƙe mota, don haka a san inda za a sami tarakta ko karo, wato keken jaki.

Akwatinki kuma. Makarantar ungozomomi ta Umdurman, wadda Mabel Wolff ta buɗe a 1921, ta yaye matan da ba su iya karatu ba, suna gane magani ta wari da ɗanɗano, kowace ta fito da akwatinta na ƙarfe a shirye. Na yau ya kamata ya ƙunshi safar hannu, har da doguwa mai kai gwiwar hannu, sirinji, kanula (allurar ƙarin ruwa) manya mai lamba 16 ko 18, ruwan ƙari na Ringa ko nomal salin aƙalla leda uku, robar fitsari, zaren ɗinki, auduga, tocila mai caji, agogo, da magani uku: oksitosin (a kwali sau da yawa Syntocinon), misofrostol (Cytotec), su biyun masu tsuke mahaifa ne, da tiranizamik asid (Cyklokapron).

Oksitosin yana da wata matsala da ba a gani da ido. Yana son sanyi, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi watanni cikin akwati a zafin Afrilu da Mayu zai fito fes kamar sabo, alhali ƙarfinsa ya ragu. An yarda a ajiye shi a firjin allurar rigakafin yara, cikin kwali daban mai rubutu a jiki. Idan babu firji mai aiki, a ganina misofrostol da ke cikin ledarsa ba a ɓare ba ya fi zama abin dogaro. Akwai kuma kabetosin mai jure zafi, maikurogiram 100, na kariya ne kawai ba na magani ba, idan kun same shi.

Minti na farko bayan jariri ya faɗo

Ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, goge shi, rufe su. Shafa cikinta ki tabbata babu na biyu. Sannan, kafin minti ɗaya ya wuce, yi mata oksitosin yunit 10 a tsokar cinya. Kowace mace, ba sai wadda kike tsoro ba. In babu oksitosin, ta haɗiye misofrostol maikurogiram 600, wato ƙwaya uku masu 200. Ko kusa kada a ba da waɗannan ƙwayoyi jariri yana ciki. Suna fasa mahaifa.

Jira minti ɗaya zuwa uku kafin ki ɗaure cibiya. Idan mahaifa ta tsuke, sa hannu ɗaya a mara, sama da ƙashin gaba, ki tokare mahaifar sama, da ɗaya hannun ki ja cibiya ƙasa a hankali. Ta ƙi biyowa, ki saki, ki jira tsukewa ta gaba. Ba a jan cibiya babu hannun tokara, ba a kuma jan ta mahaifa tana sake.

Da mabiyiya ta fito, shimfiɗa ta a tasa ƙarƙashin tocila. Haɗa ɓangarorinta ki ga ko akwai gurbin da ya ɓace. Ɗaga tantanin, ki duba ko akwai jijiyar da ta tafi ta yanke a gefe, domin wannan yana nuna an bar wani yanki a ciki. Tsofaffi suna gaggawar ɗauka a je a binne. Ki ce: "Inna, a ba ni ita tukuna in gani."

Daga nan sai tsaro. Duk minti 15, har awa biyu, ki taɓa mahaifa, ki duba jini, ki ƙirga bugun jijiya. Mahaifar da ta tsuke tana nan wajen cibiya ko ƙasa kaɗan, da tauri kamar goruba. Kama hannun mai jego ki ɗora a kai ta ji da kanta. "Ƙanwata, kin ji wannan taurin? Idan kika ji ya yi laushi, ko kika ji ɗumi yana bin ki, ki murza ki kira ni, kada ki ji kunyar kowa." 'Yan haihuwar fari su ne abin tsoro a nan, domin an koya musu cewa jarumta ita ce shiru. A sa jariri a nono, yana taimakawa. Wannan awa biyu ita ce lokacin da ɗaki ke cika da guɗa da shayi, kowa ya koma kan jariri, ita kuwa an lulluɓe ta da tob, wato mayafi, an bar ta. Ɗaga tob ɗin ki duba.

A auna, kada a kintata

Ido yana rage jini. Zane yana shanyewa, katifa tana shanyewa, angarib, gadon igiya, kuma yana zubar da shi ƙasa ta tsakanin igiyoyi ƙasa ta sha. Shi ya sa aka fito da ledar awo, wadda ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace da zarar jariri ya fito, jini ya taru a aljihunta mai lambobi. Gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa auna jini da wannan leda tare da ba da magunguna gaba ɗaya ya rage mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa da kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani a ciki. An dai gano da wuri, an kuma daina gwada abu ɗaya a jira a gani.

In ba ki da ledar awo, shimfiɗa leda mai tsabta ta gangara cikin tasa. Tun kafin ranar ki zuba ruwan roba mai rabin lita a tasar, ki yi alama a inda ya tsaya. Zannuwan da suka jiƙe ki ɗora su a ma'aunin jarirai, ki cire nauyin busasshe. Kowane giram ɗaya mililita ɗaya ne.

Iyakar da aka sani ita ce mililita 500. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Oktoba 2025 ta ƙara da cewa a fara magani tun a 300 idan jiki ya nuna alama: bugun jijiya ya haura 100 a minti, ko lambar sama ta awon hawan jini ta sauka ƙasa da 100, ko ta ƙasa ta sauka ƙasa da 60. Hanya mafi sauƙin riƙewa ita ce, idan bugun jijiya ya fi lambar sama yawa, mace tana cikin haɗari. Kada ki jira awon jini ya faɗi, matashiya takan riƙe shi har ta zubar da mai yawa. Hamma, ƙishirwa, gumi mai sanyi, rashin natsuwa, "ina ganin duhu", duk sun riga awo magana. Kuma ɗigon da ba ya tsayawa yana kisa daidai da wanda ya ɓalle gaba ɗaya.

Idan jini ya ɓalle: minti 15 na farko

Ɗaga murya ki kira, ki dubi agogo, ki raba aiki da suna. "Goggo, riƙe tocila. Yaya, ɗauki jariri. Ke, je ki ce wa mai mota ya tayar yanzu." Mota tana zuwa tun yanzu, ko da daga baya a sallame shi. Abubuwa shida da ke tafe tare ake yin su, ba a jiran a ga sakamakon ɗaya kafin a shiga na gaba.

Murza mahaifa. Tafin hannu a kan ƙoƙonta, ki murza da ƙarfi kina zagayawa har ta yi tauri, ki matso gudajin da suka taru a ciki su fito. Zai yi mata zafi, ki gaya mata dalili, kada ki sassauta. Idan kina buƙatar hannunki don allura, ɗora hannun wata a wurin ta ci gaba.

Sa kanula babba, biyu idan kin samu, tun jijiyoyi ba su ɓuya ba. Zuba oksitosin yunit 10 a cikin ruwa rabin lita ki sake shi ya shige cikin kamar minti goma, sannan yunit 20 a lita ɗaya ya tafi cikin awa huɗu. Ba a tura oksitosin tsagwaronsa da sauri cikin jijiya, yana faɗar da awon jini. Jijiya ta ƙi samuwa, yi yunit 10 a cinya ki ci gaba da nema. In babu oksitosin, ko kina shakkar wanda ke hannunki, sa misofrostol maikurogiram 800, ƙwaya huɗu, ƙarƙashin harshenta. Idan ta riga ta sha na kariya, a bar awa biyu tsakani. Zai iya kawo rawar sanyi da zazzaɓi. Ki gaya wa dangi tun da wuri, kada su ce zazzaɓin sauro ne ko iska. Egometirin, wata allurar tsuke mahaifa, miligiram 0.2 a tsoka, yana da ƙarfi, amma haramun ne ga mai hawan jini, mai jijjiga ko ciwon zuciya, kuma ba a yin sa mabiyiya tana ciki. Idan ba ki auna hawan jininta ba, bar shi.

Tiranizamik asid, giram 1, wato mililita 10, cikin jijiya a hankali tsawon minti goma. Yana hana gudajin da jiki ya ƙulla narkewa, don haka yana aiki ko daga ina jinin yake fitowa. Babban gwajin da aka yi kan mata 20,000, aka fitar da sakamakonsa a 2017, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku ba shi da amfani. Idan jini bai tsaya ba bayan minti 30, a ƙara giram ɗaya.

Ruwa: Ringa ko nomal salin, ba ruwan sukari ba. Wadda ta fara fita hayyacinta a ba ta lita ɗaya cikin minti 15 zuwa 20. Kwantar da ita, ɗaga ƙafafunta a kan matashi, rufe ta ko da ana zafi, domin jikin da ya yi sanyi jininsa ba ya daskarewa. Kada a ba ta kunu ko shayi, mai yiwuwa aiki za a yi mata.

Sa robar fitsari. Mafitsara cike tana ture mahaifa gefe ta hana ta tsukewa, kuma sau da yawa da an zubar da fitsarin sai ki ji mahaifa ta dunƙule a hannunki. Bar robar a ciki.

Na shida shi ne dubawa, kuma shi ne zai gaya miki inda za ki nufa.

Daga ina yake fitowa?

Dalilai huɗu ne. Sakin mahaifa shi ne kusan bakwai cikin goma. Sauran su ne yagewa, ragowar mabiyiya, da jinin da ya ƙi daskarewa.

Mahaifa da tauri amma jini ja wur yana ci gaba da gudu, nemi yagewa. Da haske mai kyau ki duba ƙari, bangon farji, gefen mafitar fitsari, sannan bakin mahaifa, wanda ya fi yagewa a gefen dama da hagu. Matar da aka yi wa kaciyar fir'auna, wato wadda ake ɗinke gaban mace, tabonta ba ya miƙewa. Idan ba a buɗe shi da kyau ba kafin kai ya fito, yakan tsage ta sama inda jijiyoyi suke da yawa. Dokar 2020 ta haramta kaciyar mata a Sudan, amma masu haihuwa yau an yi musu tun suna yara, don haka za ki ci gaba da gamuwa da wannan. Danne wurin da auduga, ki fara ɗinki kamar santimita ɗaya sama da inda yagewar ta ƙare. Ki ɗinke abin da ya yage kawai. Mayar da kaciyar ba ya cikin aikinki ko wa ya roƙa. Yagewar da ta fi ƙarfinki, ki maƙale ta da almakashin kama jijiya ko ki cusa auduga ki danne, ki ƙirga adadin da kika sa, ku tafi. Idan kuwa jinin da ake gani kaɗan ne amma mace tana suma, tana kukan ciwo a ƙasa ko a ciki, jini yana taruwa a ɓoye ko mahaifa ta fashe. Wannan na ɗakin tiyata ne.

Mabiyiya ta wuce minti 30 ba ta fito ba, zubar da fitsari, ƙara oksitosin yunit 10, sake gwada ja da tokara. Idan ta ƙi kuma jini yana zuba, kuma an koya miki, cire ta da hannu. Ba ta maganin ciwo da ampisilin giram 2 ta jijiya. Sa doguwar safa, tsuke yatsunki, bi cibiya har cikin mahaifa, ɗaya hannun yana riƙe da ƙoƙon mahaifa ta waje. Nemo gefen mabiyiya, ki riƙa zura gefen hannunki tsakaninta da bango a hankali har ta rabu duka, ki fito da ita a tafinki. Idan kika ji babu inda za ki shiga, ta manne kamar nama ɗaya, tsaya nan. Ta shiga cikin naman mahaifa ne, abin da ya fi faruwa ga wadda aka taɓa yi wa aiki, kuma ɓanɓara ta da ƙarfi kisa ne. Idan babu jini sosai, kada ma ki fara, tura ta.

Wani lokaci za ki nemi mahaifa a ciki ki rasa, ki ga jan nama a bakin farji: ta juye, yawanci saboda jan cibiya. Tsayar da oksitosin, kada ki cire mabiyiyar da ke jikinta, tura ta ciki da tafin hannu nan take, ɓangaren da ya fito a ƙarshe shi ke fara komawa. Bayan ta zauna sai a mayar da oksitosin.

Don gwada daskarewa, ɗebi jini mililita 2 a kwalbar gilashi mai tsabta, ki riƙe a dunƙulen hannu. Idan minti bakwai ya wuce bai daskare ba, ko ya yi gudaji mai wargajewa, sai ƙarin jini zai cece ta.

Idan magani bai tsayar ba, sai hannu

Matse mahaifa da hannu biyu. Sa safa, shigar da hannu ɗaya cikin farji, dunƙule shi a gaban bakin mahaifa, ta wajen mafitsara. Ɗaya hannun ki nutsa shi a ciki ta bayan ƙoƙon mahaifa, ki ninko ta gaba a kan dunƙulen. Matse ta tsakanin hannuwan biyu da iya ƙarfinki, ki riƙe. Za ki ji jinin da ke bin hannunki yana raguwa. Cikin 'yan mintuna kafaɗa za ta fara rawa. Miƙe gwiwar hannu ki jingina da nauyin jikinki.

Danne babbar jijiya ya fi sauƙin koyarwa kuma ya fi dacewa da tafiya. Dunƙule hannu, ɗora shi sama da cibiyarta kaɗan, ɗan hagu, gwiwar hannu a miƙe, ki danna ƙasa har ki ji ƙashin baya. Bayan haihuwa ciki yana da laushi, za ki ji jijiyar tana harbawa ƙarƙashin yatsunki. Da ɗaya hannun ki taɓa bugun jijiya a matsematsinta. Idan ya ɗauke, kin danne daidai. Idan kina jin sa, gyara ki ƙara nauyi. A bayan boksi, ana tsalle a kan ramuka, wannan ne abin da za ku riƙa karɓa-karɓa ke da wata, sabuwar ta ɗora hannunta kafin ta farkon ta ɗaga.

Akwai kuma balan-balan na cikin mahaifa, dabarar da Farfesa Sayeba Akhter ta Bangaladash ta shahara da ita. Ana zura robar fitsari cikin kwaroron roba, a ɗaure bakinsa da zaren ɗinki, a shigar ta bakin mahaifa, a haɗa da ledar nomal salin, a cika shi da mililita 300 zuwa 500 har jini ya tsaya. A ɗaure robar, a sa auduga a farji don kada ya zamo, a ci gaba da oksitosin, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na sakin mahaifa ne kawai, bayan an tabbata babu yagewa babu ragowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi shi ne inda ake da hanyar kai mace ga tiyata da jini ba da jinkiri ba, kuma dalilin a fili yake: inda aka sa shi aka koma aka zauna, mata sun mutu da shi a ciki. Idan minti 15 ya wuce jini yana biyowa ta gefe, bai yi ba. Cusa auduga ko tsumma cikin mahaifa kanta kuwa an daina.

Idan asibitinku yana da rigar matse jiki, wadda aka gwada a Masar da Nijeriya, sa mata. Gaɓa shida ce: a fara daga idon sawu, ƙwauri, cinya, ƙugu, sannan biyu a ciki, ƙwallon soson a kan cibiya. Tana tura jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa. Ba a kwance ta a hanya don a leƙa. A asibiti ake cirewa, daga ƙasa zuwa sama, ana jiran minti 15 tsakanin gaɓa da gaɓa.

Tafiya

A nufi inda ake tiyata kuma ake ƙarin jini, ko da akwai ƙaramin asibiti kusa. Yanzu da wurare ke rufewa ana buɗewa, ki riƙa sanin wanda ke aiki a kowane mako, ki kuma buga waya kafin ku isa idan layi ya yarda. Ke za ki raka ta, ba a danƙa mai zubar jini ga direba da miji. Tana kwance, ƙafafu sama, a rufe, ruwa yana tafiya, ledar gaba tana hannu. Jariri da masu ba da jini su biyo. A takarda ki rubuta lokacin haihuwa, lokacin da jini ya fara, abin da aka auna, kowane magani da lokacinsa, da adadin audugar da ke ciki.

Za a sami mai cewa a bari gari ya waye, ko jinin biƙi ne gara ya fita, ko a kawo rubutu tukuna. Kada ki tsaya musu. "Baba, a yi addu'a muna tafe. Jinin nan ba zai kai asuba ba."

Bayan ya tsaya

Ci gaba da dubawa duk minti 15 na awa biyu, sannan duk rabin awa, kada kuma ta bar idonki kafin kwana ɗaya. Fitsari ya kai mililita 30 a awa. Ƙasa da haka ƙoda tana shan wahala. Kada ta tashi ita kaɗai zuwa bayi. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da zaman dukhan, wato zama kan hayaƙin turare, su dakata har ta yi ƙarfi, domin zafi yana buɗe jijiyoyi ya kayar da wadda jininta ya ragu. Ƙwayar ƙarin jini wata uku, da hanta, wake, adas da ganye gwargwadon abin da gida ke iyawa.

Jini yana iya dawowa bayan kwanaki, har cikin arba'in. Idan ya koma ja da yawa, ko ya zo da wari da zazzaɓi, ragowa ce ko ƙwayar cuta, a kai ta asibiti. Idan nono ya ƙi zuwa sam, ga kasala, daga baya al'ada ta ƙi dawowa, likita ya duba ta, domin zubar jini mai yawa yana taɓa wata ƙaramar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke sarrafa waɗannan. Ki zaunar da ita da mijinta ki gaya musu abin da ya faru, su ba da tazarar shekara biyu, haihuwa ta gaba kuma a babban asibiti. Kafin ki kwanta a ranar, buɗe akwati ki rubuta abin da ya ƙare, ki mayar da gurbinsa da safe.